Kwamfutar 'yata ta zargi saiwar da nake jiƙa wa babanta

Anti mai filin shawara, ki taimake ni, ki kuma yi haƙuri da rubutuna, sai da na aurar da 'ya'ya biyu na shiga ajin manya. A gida babban ɗana lafiya lau, jikoki ma haka, maigidana ne ƙafa ta hana shi zuwa shago. Ni ba na ciwo, amma ba ni da sukuni.

Autata tana aiki a wani gari mai nisa, shekara uku ban sa ta a ido ba. Aikinta saka bayanin sinadarai a kwamfuta, ita kuma ta yi hasashen wanda zai yi magani da wanda zai zama guba. In na kira ta minti biyu ne, aiki ya yi yawa. Sai na lura in na tambaye ta wani ganye ko sassaƙe, takan bincika ta kira ni da kanta, mu yi rabin awa tana dariya tana mini bayani. Daga nan na mai da abin sana'a, har ganyen bayan gida na tambaya, don kawai in ji muryarta.

Watan jiya na tambaye ta saiwar da nake jiƙa wa babanta shekara shida. Wannan karon ba dariya. Ta ce kwamfuta ta nuna wani sinadarin ciki zai iya taɓa hanta, in daina. Na ce na daina, alhali ban daina ba, don shi yana cewa tana masa amfani, kuma wurin mahaifiyata na gaje ta. Abin da bai taɓa ɗanɗana saiwa ba, ya aka yi ya san ta? Ina tsoron in faɗi gaskiya ta yi fushi, kiran ma in rasa. Ranar Asabar za ta kira, don Allah ki amsa kafin nan.

Uwar Auta

Mama, sannu da ƙoƙari, rubutunki ya fita tsaf.

Kwamfutar ba ta san saiwarki ba, gaskiyarki. Kwatanta sinadarin take da dubban waɗanda aka riga aka gwada, ta ce ya yi kama da masu cutarwa. Gargaɗi ne, ba hukunci ba, takan yi kuskure. Amma hanta ba ta saurin kuka, jin daɗin ƙafa ba ya nuna lafiyarta. Ki ajiye jiƙon yau, ki kai Baba asibiti a gwada jininsa, ki tafi da saiwar likita ya gani.

Ranar Asabar ki faɗa mata gaskiya. Za ta yi faɗa, faɗan mai tsoron rasa uba ne, zai wuce. In ta huce, ki ce mata kewarta kike, ki nemi rana ɗaya a mako ta hira zalla. Wataƙila ita ma ta ɗauka sai da tambaya kike nemanta.

Allah ya ba Baba lafiya, ya kawo miki ita har ɗaki.