Rasuwar Dakta Sadiƙa da Abin da Muka Binne Bayanta

Cikin alhini da karayar zuciya, Ƙungiyar Iyayen Yara Masu Ciwon Zuciya na Haihuwa ta Ƙaraye da Rogo ta samu labarin rasuwar uwarta kuma mashawarciyarta, Hajiya Dakta Sadiƙa Abdulmutalib Unguwar Hajji, bayan gajeriyar jinya a Kano. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Marigayiya ta ƙarar da rayuwarta a kan tambayar da kowannenmu ya yi wa kansa a bakin ƙaramin kabari: me ya sa ake haifar yaro da huji a zuciya? Bincikenta a kan waɗansu 'yan mitsi-mitsin sinadarai ne na cikin jiki, waɗanda masana ke kira maikro-RNA. Takan ce da mu aikinsu kamar na mai ban ruwa ne a gonar rani, a buɗe nan a toshe can, yayin da zuciyar ɗan tayi ke ginuwa. In suka yi saɓani, sai ginin ya karkace. Mu manoma mun gane wannan, kuma tun daga wannan rana, da yawanmu suka daina zargin matansu.

Ba a manta yadda ta bi gida-gida, daga Ƙaraye har ƙauyukan Fulatan, tana roƙon ungozomomi da kakanni su bari ta ɗebi ɗan jinin cibiya kafin a binne mabiyiya a bayan ɗaki, kamar yadda muka gada. An kore ta a wasu gidajen, an ce me likita za ta yi da abin da ƙasa ce mai shi. Ba ta yi fushi ba, sai ta koma ranar suna da turmin atamfa. Shekara da shekaru tana tara wannan jini a firji mai aiki da hasken rana, a ɗakin aikinta na gida, da fatan wata rana za a iya gaya wa mai ciki halin da zuciyar ɗanta ke ciki tun da sauran lokaci. Ba ta taɓa yi mana alkawarin magani ba.

Wajibi ne mu sanar da jama'a rashi na biyu. Ranar jana'iza, dattawan gidan suka rufe ɗakin, suka kashe duk abin da ke kunne, har da firjin, domin ba a taɓa kayan mamaci sai an yi rabon gado. Abin da ya dace a al'ada suka yi, kuma Ƙungiya ba ta ɗora wa kowa laifi. Da aka buɗe bayan an tashi zaman makoki, komai ya lalace.

Malama Rekiya ta Fulatan, wadda ta binne 'ya'ya biyu kuma take da tsohon ciki yanzu, ta zo har ofishinmu tana tambaya ko akwai wanda zai ci gaba da binciken, ya duba nata cikin. Gaskiyar magana, babu. Ba mu san wani masani da zai zo ya durƙusa a ƙofar ungozoma kamar yadda Dakta ta yi ba, ba mu kuma da fuskar sake roƙon iyaye.

Muna miƙa ta'aziyya ga maigidanta, Alhaji Bahauddeen Maikuɗi, da 'ya'yanta Hanif da Hidaya, da ɗaukacin dangi da al'ummar ƙananan hukumomin biyu. Allah Ya gafarta mata, Ya sa Aljanna ce makomarta, Ya ba iyalanta juriyar wannan babban rashi, Ya sauki Malama Rekiya lafiya.

Bisa shawarar limamai da iyaye, an haɗa jinin yaran duka an binne a bayan ɗakin marigayiya. Abin da ta roƙa aro daga ƙasa, mun mayar.

Sa hannu:
Malam Sabi'u Liti Fulatan
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Iyayen Yara Masu Ciwon Zuciya na Haihuwa, Ƙaraye da Rogo