Jinkar Rumbun Baba Tana Ƙasa

Gaya, kwana tara bayan ƙaramar salla, 1956

Zuwa ga ƙanena Alfari, a zangon Kumasi.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah wannan takarda ta iske ka cikin lafiya, kai da iyalinka da duk mutanenmu na can. Allah ya karɓi azuminmu, ya maimaita mana. Mu nan da sauƙi. Mai ɗakina Kaltuma gwiwa ce ke damun ta, amma bakinta lafiya lau. Zuwera, matar autana Siddo, ta sauka cikin azumi, an sami namiji, an mayar da sunan Baba. Ran suna na riƙe shi, kowa na duban fuskarsa, ni ina duban tafin ƙafarsa, don na lura a gidan nan ƙafa ke riga hannu girma.

Akwai wani labari da na fara ji tun shekarar fara, kafin ka tafi. Wani farken goro ne ya ba ni shi a bakin Kwara, muna jiran jirgin fito. Ya ce wai akwai ƙasashen da abinci ya fi bakuna yawa, mai arziki ya haifi biyu ya ce ya isa. Da yake gona ba ta nome kanta, wai sai su jira mu talakawa mu haifa, mu yaye, mu yi jinyar ƙyanda, in yaro ya isa riƙe fartanya su karɓe shi a shirye. Na yi dariya har na ƙware. Ni da na tashi a gaban Inna ina jin tatsuniya, na san ta in na ji ta, ko da mai gemu ne ke yin ta. Bayan yaƙi, Yakuba tsohon soja ya dawo daga Faransa ya maimaita mini shi, ya ƙara da cewa ya kwana a wani ƙauye mai gidajen dutse inda karnuka suka fi yara yawa. Na ce a raina sanyi ya taɓa masa kai. To, yanzu na daina dariya, ga kuma dalili.

Ka san rumbun Baba, wanda ya gina lokacin muna baki talatin a gidan nan. Gara ta cinye jinkarsa, bana ba ta kai damina. Ni da Siddo muka yi rani muna tara shuci, muka ɗaure sabon tsaiko a ƙasa muka baibaye shi, yadda aka saba, don a taru a ɗaga shi lokaci guda a kifa. Da igiyar da Baba ya auna tsohuwar na auna sabuwar, taku ɗaya ban rage ba. A nan na yi wautar tsufa. Na auna jinka, ban auna mutanen da za su ɗaga ta ba. Ka tuna a zamaninmu ba a ma gayyatar ɗaga jinka, tari ɗaya Baba zai yi a ƙofar gida sai ka ga ƙarti goma sha biyar suna tuɓe riga.

Ran Talatar da ta wuce muka sauke tsohuwar, ta wargaje a hannunmu kamar sheƙar tsuntsu. Kaltuma ta dama fura ta mutum ashirin, na zaga unguwa gida gida. Mu shida muka tsaya a kan jinkar, kuma in ka cire Siddo, ƙaraminmu shi ne Baƙo maƙwabcinmu, wanda furfura ta gama da shi tun kafin yaƙi. Muka yi bisimilla muka ɗaga. Ta kai gwiwa, ta kai ƙirji, a nan ta tsaya tana kallon mu muna kallon ta. Sai na ji Baƙo ya ce wash, muka sake ta, sanda biyu suka karye. Har yau Baƙo yana kwance, sai an juya shi. Furar kuwa awaki suka yi salla da ita. Na aika garin Tanda, na aika garin Bana wajen dangin Kaltuma. Mutanen Bana suka ce mu yi haƙuri, su ma da aka yi musu rashi a watan jiya, tsofaffi ne suka haƙa kabari suna karɓa-karɓa tun hantsi har la'asar.

Kwana uku bayan haka Siddo ya zo ya durƙusa a gabana da ƙunshinsa. Ya ce zai je ya taho da wansa Sumana da sauran 'yan'uwansa, su ɗora jinkar nan su huta. Ya faɗa yana kallon ƙasa, na saurara ina kallon ƙasa. Haka Sumana ya ce mini shekara bakwai da suka wuce, cin rani kawai, kafin shuka yana gida. Na raka Siddo har bakin ruwa. Jirgin da ya ƙetara da su zuwa Malanbil cike yake da samari, mai tuƙin ne kaɗai ya dawo.

Kada ka ce ina zargin yaran. Gonar da ta ciyar da mu mu biyar, yau 'ya'yanmu maza sha tara ke da haƙƙi a cikinta, ita kuwa ba ta ƙara faɗi ba, gajiya ma ta yi. Mun haifa da yawa don mun san rabi ƙasa za ta karɓa tun suna goye, sauran su riƙe mu. Ba mu san akwai mai jiran sauran ba. Aikin dole na Nasara ne ya fara koya musu hanya, suna gudunsa suka gano Kurmi. An soke aikin dolen, hanyar ba ta soku ba. Yanzu wanda ya dawo da keke da zannuwa shi ne namiji, wanda ya tsaya ya yi noma sai 'yan mata su riƙa tambayarsa ko ƙafa ke masa ciwo. Da ni ma ina da shekara talatin, ban san abin da zan yi ba.

To ga halin da ake ciki. Hatsinmu na bana duk yana cikin rumbun nan, bakinsa buɗe yana kallon sama. Mun lulluɓe shi da zana da tsofaffin tabarmi, amma ka san zana ba ta tsare ruwan farko. Mu goma sha ɗaya ke ci a cikinsa har kaka, kuma ban da ni duk mata ne da yara, 'ya'yan waɗanda suke tare da kai. Kaltuma na jan damma zuwa ɗakinta da gwiwar nan tata, ɗakunan kuma ko rubu'i ba su ɗauka. Ta ce su mata za su ɗaga jinkar, sai na tuna mata Zuwera ko arba'in ba ta yi ba. Shekaranjiya hadari ya haɗo daga gabas, ya yi yayyafi ya wuce. Na tsaya a tsakar gida, ni manomi ɗan manomi, ina roƙon Allah ya jinkirta ruwa. Ban taɓa zaton bakina zai yi wannan addu'a ba.

Ba tufafi nake roƙo ba, Alfari. Rigar da ka aiko bara tana nan, kyakkyawa ce, amma ba ta ɗaga jinka. Maza shida nake so, na safiya guda. An ce in ka tsaya a ƙofar zango ka tafa hannu, 'yan Gaya sittin za su fito. Na kuma san hanya kwana goma ce, ruwa kuwa ba zai ba mu kwana goma ba. Don haka kada ka wahalar da kanka neman amsa mai daɗi. Na rubuta ne kawai don ka san yadda gidan ubanka yake.

Ka gaishe da mai ɗakinka Ajuma da yaranta, waɗanda ban taɓa gani ba. Ka gaishe da Sumana, ka ce 'yarsa ta fara kitso, tana kiran Siddo baba. In Siddo ya iso ka ba shi wuri mai kyau, ƙirjinsa ba ya son sanyi. Kaltuma na gaishe ku, Zuwera kuwa ba ta ba da saƙo ba. Allah ya haɗa fuskokinmu, in ba a nan ba, a can.

Ni ne wanka, Sallau.

Saura magana ɗaya, kan labarin nan na farken goro. Ana sauran kwana biyu salla mai kamiyo, motar kayan nan, ya kawo takarda, ya ba ni a hannu, don ka san takarda in ta shigo gida maigida ake ba. Malam ya karanta mini a zaure. Aka ce can abinci ya fi bakuna yawa, masu gonar koko hannaye suke nema ido rufe, yaro ya taho kada ya tsufa a banza. Sai a ƙarshe malam ya ga ashe sunan Siddo ke bisa. Ni da kaina na naɗe ta na kai masa. Mutum uku ke nan suka ba ni labarin nan, biyu na ƙaryata su. Na ƙarshen ba ni iya ƙaryata shi, don nono ɗaya muka sha. Kai ne, Alfari.