Ban Haɗa Inna da Biri Ba

Panshekara, Kano.

Zuwa ga Yayana Inuwa a Fatakwal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan alhamdu lillahi, aikina a kamfanin Challawa yana tafiya, ƙanwarmu Indo ma ta fara ɗinki. Inna ce dai jiki ya ƙi daɗi. Wata uku ke nan da ka sa aka ɗauko ta daga ƙauye, tun daga nan ciki a kumbure, sai ta kwana huɗu ba ta zaga ba.

Na ji ka bugo waya kana faɗa, wai na haɗa mahaifiyarmu da biri. Yaya, in za a kawo maka magana, a kawo ta cikakkiya. Abin da na karanta shi ne, a hanjin mutum da na biri akwai wasu halittu da ido ba ya gani, su ke taya ciki narka abinci, kuma abin da ka ci shi suke ci. Birin dajin da ya saba da ganye, in aka kulle shi a gidan zu ana ba shi cimar 'yan birni, nasa sai su ragu. To matar da ta shekara sittin kan tuwon gero, miyar kuka da dambun zogale, ka ce a riƙa ba ta burodi, taliyar leda da lemon kwalba, wai ta huta. Hutun ke nan?

Laifina ɗaya: na rasa sunan da zan kira halittun nan, na ce ƙwayoyin cuta masu amfani. Indo cuta kawai ta ji, ta ruga kemis ta kwaso kafso. Likitan da na kai Inna wajensa ya ce a daina, kafson ba ya bambance masu amfani da masu cutarwa. Yanzu kuma wai za ka turo Malam Ado mai wankin ciki ranar Asabar. Me ya rage da zai wanke? Wallahi in ka ga wuyanta sai ka yi kuka.

Na nemi hutun Asabar ɗin. A bakin ƙofa zan wuni, kuma ba zai shiga ba. In fushi za ka yi, ka yi da ni. Jiya na kawo mata dambu da fura da nono, ta cinye tas, ta ce a ƙaro. Tun zuwanta garin nan ba ta taɓa cewa a ƙaro ba.

Ka gaishe da Anti Aina'u, da Muhsin da Zakariyya. Inna tana sa maka albarka, ba ta san na rubuto ba.

Ƙaninka,
Abdulbaqi