Kwaɗon Kawu da Rijiyar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da jaririyarmu da har yanzu a hoto kawai muka san ta. Allah ya raya ta, ya ƙara wa mai jego lafiya. Mu nan ƙalau muke, sai ƙafar Inna da ke ɗan matsa mata. Auta ya gama jarrabawa, yanzu ba ya da aiki sai ci da barci.

Yaya, rubutowa na yi don in na fara maganar nan a waya, ihu zan yi. Ka san ƙarfen sabis ɗin da marigayi Baba ya ba kamfani hayar fili suka kafa a bayan gida, dab da rijiyarsa. To, yanzu kamfanoni uku ne suka rataya kayansu a kai, wai hukuma ce ta ce su haɗa ƙarfe ɗaya maimakon kowa ya kafa nasa. Ban ƙi ba. Amma tankin janaretonsu ya fara yoyo, ruwan rijiya ya koma warin dizal, har maiƙo yake yi a guga. Rijiyar da Baba ya haƙa shekarar da aka haife ka! Kullum sai Inna ta ja guga ta shinshina, ta zubar, ta koma ɗaki.

Yawo kam na sha shi. Kamfanin farko suka ce sun sayar da ƙarfen, su ma 'yan haya ne yanzu. Na biyu suka ce janareto ba nasu ba ne. Na uku ko kujera ba su ba ni ba. Waɗanda suka sayi ƙarfen suka ce laifin ɗan kwangilar zuba mai ne. A hukumar, wani mai ƙaton tabarau ya ce dokarsu tsakanin kamfani da kamfani take, ba ta san rijiya ba. Lauya kuma ya ce yarjejeniyar Baba ba ta hana su shigo da abokan haya ba. Wallahi kamar in kwanta a ofishinsa in yi birgima.

Sai Kawu ya ce a bar masa, ka dai san halinsa. Sarƙar ƙofar shingen da ya kewaye ƙarfen tana da kwaɗuna a jere, ɗaya maƙale da ɗaya, kowane kamfani da nasa, duk wanda ya buɗe nasa ya shiga. Kawu ya sayo wani jibgegen kwaɗo ya garƙame ƙofar gaba ɗaya. Wai kamfanin farko zai hora, shi ai layin kamfani na biyu yake riƙe da shi. Masu zuba mai suka kasa shiga, mai ya ƙare, janareto ya mutu, layukan uku suka ɗauke a unguwar nan, har nasa. Sai ga dattijo a kan turmi yana ɗaga waya sama, maƙwabta na yi mana Allah ya isa, ɗan saƙon kamfani kuma na barazanar kotu. Mu da aka ɓata wa ruwa, mu ne masu laifi!

Ka tuna ranar da aka shiga da Anti asibiti, ka yi ta kira ba ka samu kowa ba? Dalilin ke nan. Inna ta wuni da waya a cinya, ko abinci ta ƙi ci. Da ta gano abin da ya faru, ta dogara sandarta har gaban Kawu, ta miƙa hannu kawai, ya ba ta mabuɗin. Da kanta ta buɗe kwaɗon. Mai ya shigo, sabis ya dawo, ta ji muryarka da kukan jikarta, ta yi ta hawaye tana dariya.

Washegari ta sa aka kira magini ya rufe bakin rijiyar da siminti. Na ce ta dakata, maganar ba ta ƙare ba. Ta ce ruwa ana samunsa a gidan maƙwabta, muryar ɗanta kuwa ta ƙarfen nan kaɗai take zuwa. Ni dai ban haƙura ba, zan ci gaba da bin ofisoshin nan har su gaji da ganina. Abin da nake roƙonka ɗaya ne, Yaya: ka riƙa kiranta sosai, ko ba ka da abin faɗa. Rijiyar mijinta ta bayar don ta riƙa jin muryarka.

Ka gaida Anti, ka sumbatar min jaririya. Inna na sa muku albarka, Auta da Goggo na gaisuwa. Kawu ma ya ce a gaishe ka, kansa a sunkuye.

Taka har kullum,
Ƙanwarka