Tagar da Ba Ta Sake Tambaya

Agiye, ranar Talata.

Zuwa ga angona Garzali, mijin da bai taɓa yi mini cefane ba.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gajiya, ina karatu, yaya zafin Maradi? Ina fata kana lafiya kai da abokan zamanka. Mu nan sai godiyar Allah, in ka cire gwiwata da kuma abin da ka ja mini. Gero ya fara fid da kai, wake yana fure.

Da gangan na ƙi kiranka a waya. A waya dariya kake yi, in magana ta yi zafi ka ce ba rezo, layi ya yanke. Takarda kuwa ba ta yankewa, don haka zauna ka karanta, ka yi haƙuri da rubutun wadda aka cire daga lakol a aji huɗu.

Da ka zo hutu ka bar mini tsohuwar ordinatarka, kwamfutar nan, kana ta cika baki wai da hannunka ka gina mini abin ɗaukar murya, da Hausa, da manyan baƙaƙe saboda idona. Ka ce in danna jan maɓalli a fara, in sake dannawa a tsaya, sai wata 'yar taga ta fito tana tambaya: A ajiye? Ƙarƙashinta Ee da A'a. Ka ce in ɗaukar maka kakarka Kande, yayata, ta ba da labarin mutane bakwai da suka taso daga ƙasar Katsina suka haƙa rijiyar bayan ƙauyenmu, tunda ita kaɗai ta rage da ta ji shi daga bakin kakarmu.

Kwana goma ina lallashinta, da goro, da fura mai nono. Ranar Alhamis ta yarda. Garzali, tun hantsi take magana har aka kira azahar. Ta faɗi hanyar da suka biyo, da inda jakinsu ya mutu, da waƙar da suke yi suna fid da ƙasa, da sunayensu bakwai ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma da na ga inji yana saurare, sai na saki jiki, ina fita korar kaji daga shanya ina dawowa. Me zan riƙe a ka, tunda angona ya yi mini mai riƙewa?

Da ta gama, tagarka ta fito. Na karanta mata. Ta rufe baki da mayafi ta ce a'a, wa zai ajiye surutun tsohuwa, a zubar. Kai ma ka san irin wannan a'a ɗin. Ita ce ta baƙon da aka kawo wa tuwo ya ce ya ƙoshi, alhali cikinsa yana kuka. Ana sake cewa ya ci, a kuma sakewa, sannan ya wanke hannu. To ni don in tsokane ta sai na danna A'a, ina jiran tagar ta sake tambaya in ce mata kin gani, har inji roƙonki yake yi.

Ba ta sake ba. Ta ɓace ɗif, kamar ba a taɓa yin ta ba. Na aika a kirawo Madam Nazira, malamar lakol, maƙwabciyarmu, ta bincike ko'ina har la'asar, ta ce babu, an goge.

Wane irin abu ne wannan ka gina? A gidan wa aka rene ka? Ni dai na san na goya ka, ban kuma taɓa koya maka ka ji a'a ɗaya ka ɗauke kwano ba. Maganar rabin yini ta mace mai shekara casa'in, ka sa ta a bakin maɓalli guda, dab da ɗan'uwansa, girmansu ɗaya, launinsu ɗaya!

Kande ta juya fuska bango. Ta ce ashe da gaske surutu ne a wurina. Yau kwana biyar ba ta amsa mini gaisuwa sai da hannu. Kuma ka san ƙirjinta, tun farkon damina tari bai bar ta ba. Suna huɗu kawai na kama: Ayuba, Sajo, Auta, Safiyanu. Sauran ukun suna bakinta.

Ka gyara tagarka ta koyi ladabi. Ka gaida mai ɗakin da kake haya.

Matarka da ta yi yaji,
Lantana.

Agiye, ranar Lahadi.

Zuwa ga Garzali, malamin masu kare laifinsu.

Gaisuwa da fatan ka tashi lafiya. Yaya jarrabawa? Allah ya ba da sa'a, duk da ba ka cancanci addu'ata a wannan makon ba.

Dalhatu direba ya kawo mini takardarka da ɗan kile, abin nan da ake soka wa inji, wanda ka sa gyaran a ciki, Madam Nazira ta zuba shi a ordinata. Na karanta inda ka ce inji ba ya ƙarya, abin da aka danna shi yake yi. Sannu, liman. Inji ne ya haifi kansa? Ba kai ka zauna ka faɗa wa kowane maɓalli abin da zai yi in an taɓa shi ba? In ɗa ya fito ba kunya, ubansa ake nema.

Na ga ka ƙara taga ta biyu mai cewa Kin tabbata? Na ce madalla. Amma wannan karon na yi wayo, ban kai wa Kande ba. Muryar akuyata na ɗauka. Na tsaya a garke na danna ja, ta yi kukanta iya son ranta, na tsayar, na danna A'a. Ka san me ya faru? Taga ta biyun ta ɗan ƙyalla kamar walƙiya, ban ko karanta ta ba, kukan akuya ya tafi.

Sau uku ina gwadawa. Madam Nazira ce ta tsaya a kaina ta gano. Ta ce hannuna yana rawa, in na danna ɗan ɓeran ordinatar, abin dannawar nan, sau ɗaya, sau biyu yake shiga. Kai kuma da basirarka ka ɗora maɓallin Ee, a goge, daidai wurin da A'a take a taga ta farko. Dannawar farko ta buɗe tambaya, ta biyu ta amsa ta. Wato ka tambaye ni, kuma ka amsa wa kanka da yatsana!

Na kuma gwada ɗan kuros, alamar X ɗin da ke kusurwar tagar, wanda na ɗauka ma'anarsa bari in yi shawara. Shi ma gogewa ya yi. Ashe duk ƙofar da mutum ya bi a gidan naka, rami ce.

Kai da yatsunka na samari ka gwada, ka ga ya yi, ka tafa wa kanka. Tsofaffi ka yi wa abin nan, Garzali. Ka nemi wata tsohuwa a unguwarku ka ba ta goro ta danna maka, ka tsaya ka kalli hannunta.

Ga abin da nake so, kuma ba roƙo nake ba. In an danna maɓalli, ya ji sau ɗaya ya toshe kunne har a numfasa. Wanda zai faɗo ƙarƙashin yatsa ya zama mai ajiyewa. Kuros ya mai da ni inda nake. Abin da aka ce a zubar ma kada ya zube nan take, ko dussa ba a watsar da ita a ranar da aka yi surfe.

An kai Kande likita ranar Juma'a, an ba ta ƙwayoyi, ta dawo. Ta rame. Jiya ta karɓi kunu daga hannuna, amma ba ta dube ni ba. Ba na barci sosai. Kada ka ɗauka don kai ne.

Ka yi sauri.

Kakarka,
Lantana.

Agiye, ranar Laraba.

Zuwa ga angona Garzali, na dawo daga yaji amma ban kwance kaya ba.

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta tsohuwar da ka ce ta danna maka har ta zage ka. Ka gaishe ta, ka ce ta biya ni.

Akuya ta gwada sabon gyaran sau biyar, ba a rasa ko kuka ɗaya ba. Na ga yadda maɓallin ke yin fari ya yi barci in an taɓa shi, na buga masa sau uku da gangan bai kula ni ba. Na ga ɗan rumbun da ka yi wa abin da aka zubar. Ba zan yabe ka ba, abin da ya kamata ka yi tun farko ne.

Shekaranjiya na shiga wurin Kande na durƙusa, ni da gwiwar nan tawa. Na ce mata yatsana ne, tsokana ce ta kai ni, ta yafe mini. Wannan ban taɓa rubuta maka ba, to ga shi na rubuta, kada ka kuskura ka maimaita mini.

Jiya da hantsi ta yi magana. Muryar ta ragu, tana yi tana hutawa, waƙar ma rabi ta iya ja. Ban motsa ba, kaji suka cinye mini shanya ina kallo. Da ta gama tagar ta fito, na karanta mata, ta ce a'a, a zubar, tana kallona ta gefen ido. Na danna A'a. Sai ga ta biyun ta tsaya cak, da abin da ka rubuta: Haba Iya, a daure a ajiye mana. Na karanta mata. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce yaron nan ya fara hankali. Ta miƙo yatsa, na riƙe mata hannu, ita da kanta ta danna Ajiye.

Amma kada ka yi murna tukuna. Na saurara sau biyu ina lissafi da yatsu. Ayuba, Sajo, Auta, Safiyanu, Muhsin, da Rahina wadda ta ɗauko irin gero a ƙullin zanenta. Shida. Na ce Yaya, saura ɗaya, wanda ya fara sara ƙasa. Ta ce tana sane. Ta ce wannan ba za ta ba taga ba, ko mai ladabi ce. Wanda ya zubar mata da magana ya zo ya zauna a tabarmarta, ta faɗa masa a kunne, kamar yadda aka faɗa mata.

Ni ban sani ba, ko tana riƙe da shi ne don ta ja ka, ko ya kuɓuce mata tana jin kunyar faɗa. Na tambaye ta sau uku, ka san ni ba irin tagarka ba ce. Ba ta canja ba.

Dalhatu yana tasowa daga tashar Maradi ranar Asabar da safe, na ce ya riƙe maka kujerar gaba. Na san za ka ce a'a, akwai karatu. Na ji, ban karɓa ba. Ina sake tambayarka: za ka zo?

Taka har kullum,
Lantana.