Hannu Huɗu a Littafin Auta

Zuwa ga Baban Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ni ce malamar aji uku, ajin 'yarka Auta. Na sa wannan wasiƙa a jakarta ne saboda makaranta ta hana mu ba iyaye lambar waya.

Aikin gidan Auta ba shi da na biyu a ajina. Amma idan na ba ta irin tambayar da ta ci jiya a gida, sai ta hau fiƙe fensir. Ta fiƙe nata, ta fiƙe na maƙwabciyarta, kafin ta juyo an karɓe takardu. Ban taɓa ganin yarinyar da ta iya fiƙe fensir kamarta ba, sai dai ba ya cikin abin da muke jarrabawa a kai.

Na duba littafinta da kyau, na ga hannu huɗu. Mai yin lissafi rubutunsa irin na takardar magani ne, sai na yi ta juya littafin kafin in gane. Mai yin kimiyya ta san sunayen ƙasusuwan da ni ma sai na duba. Mai kwafar rubutu yana yi wa kowane baƙi jela, irin yadda aka daina koyarwa tun ba a haife ni ba. Mai zane kuwa, da aka ce a zana riga, sai da ta sa mata aljihu da maɓallai.

Jarrabawar ƙarin aji ta kusa, kuma a ɗakin jarrabawa kujera ɗaya ake ba kowace yarinya. Idan aka tafi a haka, Auta za ta maimaita aji uku.

Ka huta lafiya.
Malamar aji uku

Zuwa ga Malamar aji uku,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa ta girmamawa, wasiƙarki ta iso, na kuma karanta ta da mamaki.

Malama, ni mai kemis ne, na san ba a ba da magani sai an gano cutar. Dalilan da ke hana yara karatu sanannu ne. Ajinku ya cika ya batse. Fankarku ba ta juyawa, na gani da idona ranar taron iyaye. Tagarku tana kallon garejin masu gyaran mota. Yaron da yake jin zafi, yana jin bugun guduma, yaya za a yi ya rubuta abin da ya sani? A gida kuwa akwai natsuwa, shi ya sa basirarta take fitowa. Batun hannu huɗu, yarinya ce mai tasowa, hannunta bai zauna ba tukuna.

Sai wata 'yar magana. A aikin ranar Talata, tambaya ta huɗu, an soke amsar alhali daidai take. Na sake bi sau da yawa, har da na'urar lissafi ta shago. Abin ya taɓa Auta ƙwarai, ko abincin kirki ba ta ci ba. Ina roƙon a sake dubawa, a mayar mata da makinta.

Naki cikin girmamawa,
Baban Auta

Zuwa ga Baban Auta,

Bayan gaisuwa, na gode da amsarka. Maganar fanka gaskiya ce, kuma idan akwai wadda ba a amfani da ita a kemis, ƙofarmu a buɗe take. Sai dai zafin nan da gudumar nan, duk ajin ne ke shan su, har da masu rubuta amsa.

Tambaya ta huɗu ta ce a raba lemo goma sha biyu ga yara biyar. An rubuta biyu da ɗigo huɗu. A jami'a haka ne. A aji uku ba mu kai ga ɗigo ba, ba ma kuma ba yara wuƙa. Kowa ya ɗauki biyu, saura biyu.

Na kira Auta don in rarrashe ta. Ta ce ita ba ta san akwai tambaya ta huɗu ba. Ta kuma ce ranar ta ci abinci har da ƙari, Baba ne ya ture kwanonsa. Allah ya ƙara lafiya.

Abu ɗaya nake roƙo: a bar ta ta yi da hannunta, ko da za ta faɗi duka.

Ka huta lafiya.
Malamar aji uku

Zuwa ga Malama,

Salamu alaikum, Malama, yaya aiki, yaya fama da 'ya'yan mutane? Ni ce Gwaggon Auta, yayar babanta, tela. Ni ce mai aljihu da maɓallai, kuma na gode da goma bisa goma. Na cusa wannan takarda a cikin safarta ta wasanni, don ƙanena yanzu shi yake fara buɗe jaka.

Bari in gaya miki yadda ake yi. Da an gama cin abincin yamma, sai a share tebur a zazzage jakar. Ƙanena ya ja lissafi. Matarsa, da yake nas ce, ta ja kimiyya. Tsohonmu, wato Kaka, wanda ya yi aikin akawu har ya gaji, ya sa tabarau ya ja kwafar rubutu. Ni a turo min zane, wai daidai ni. Auta ta fiƙe wa kowa fensir, sannan a ce ta je ta kalli talabijin, kada ta dame mu muna yi mata karatu.

Makin da kike bayarwa a jikin firji ake liƙa shi. Ni ce a gaba, kuma abin yana cin ƙanena. Ranar lemon nan har cewa ya yi zane ba darasi ba ne. Na ce, "To ai ka ga lemon da ka yanka, ko shi ba ka zana ba."

Bayan wasiƙarki an yi taro, kowa ya yi alkawarin ya daina. Washegari da safe na tarar da Kaka a bayan ƙofa da littafin a cinya, wai goge datti yake yi. Uwar ta shiga banɗaki da jakar. Ƙanena ya ce shi dubawa kawai yake yi, amma da fensir yake dubawar.

Malama, abin da ya sa na rubuto shi ne, jiya Auta tana zaune a shagona tana tsince min zare, sai ta ce, "Gwaggo, idan na maimaita aji, ku ma za ku maimaita?" Na yi dariya. Sai ta ce, "Ai ni ce daƙiƙiyar gidanmu, shi ya sa ba a ba ni." Daga nan dariyar ta tsaya.

Mutanen nan ba za su daina ba, sun ɗanɗana jan biro. Ki nemo mana dabara.

Taki,
Gwaggon Auta

Zuwa ga Baban Auta da sauran ɗalibaina na gida,

Bayan gaisuwa, na lura akwai ƙishin ilimi a gidanku, kuma ba aikin malami ba ne ya kashe shi. Daga yau jakar za ta riƙa zuwa da littafi biyu. Shuɗin na Auta ne. Koren naku ne, kowa zai amsa duka darussan, har da zane, za a kuma fitar da na ɗaya da na ƙarshe. Duk wanda na ga hannunsa a shuɗin littafi, zan zaftare masa maki biyar a koren.

Sai dai, kamar yadda ka faɗa, ajina ya cika ya batse, ba ni da lokacin duba aikin manya. Na naɗa Auta. Idan an fita hutu zan zauna da ita mu bi tambayoyin har ta gane dalilin kowace amsa, domin na gaya mata akwai ɗalibi ɗaya mai gardama, kuma "Malama ce ta ce" ba za ta ishe shi ba. Na ba ta jan biro. Hukuncinta shi ne nawa.

Kowa ya fiƙe fensirinsa.

Ku huta lafiya.
Malamar aji uku

Zuwa ga Malamar aji uku,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina ɗaukaka ƙara a kan mai duba takardunmu.

Ta cire min maki uku wai ban nuna yadda na samo amsa ba. Na ce a ka na yi. Ta ce, "Baba, ni ba na ganin cikin kanka." Na kawo hujja a kan wani rabawa, ta tashi ta kwaso maɓallan Gwaggonta ta jera su a tebur kashi-kashi, ta ce in ƙirga. Na ƙirga. Ba wannan ce maganar ba, maganar ita ce a gaban matata aka yi.

Ta sa Kaka ya sake shafi guda ba jela. Ta soke wa uwarta sunan wani ƙashi, wai ba a tambaye ta ba. Dokin da na zana ta rubuta a ƙarƙashinsa, "Mene ne wannan?" Na kawo mata alewa daga shago, da zuciya ɗaya, ta shanye ta bar makin yadda yake.

Yanzu kafin ta duba namu sai ta gama nata, a ɗaki, da ƙofa a rufe, wai kada mu kwafa. Jiya na ga shuɗin littafin a buɗe, ban taɓa ba. Rubutun kamar kaza ta bi ta kan takardar, kuma uku daga cikin amsoshin ba daidai ba ne. Amma bakwai daidai ne, Malama. Na tsaya a kansa na jima.

Fankar tana hannun mai gadinku.

Naki cikin girmamawa,
Baban Auta

Zuwa ga Baban Auta,

Bayan gaisuwa, fanka tana juyawa, mun gode.

Auta ta wuce zuwa aji huɗu. Ba ta zo kusa da na ɗaya ba, tana can tsakiya, kuma kowane maki da mummunan rubutunta ta same shi.

Batun ɗaukaka ƙara, na miƙa wa mai jan biro. Ta ce Gwaggo da Kaka da Mama su wuce. Kai kuma ta ce kana da ƙoƙari, amma surutu ya yi maka yawa, ka maimaita.

Ina nan a aji uku. A turo koren littafi.

Ka huta lafiya.
Malamar aji uku