Kujerun Jar Fata

Ikko, 1954

Zuwa ga mahaifina, Baba Siddiƙu, Wurno.

Gaisuwa da ladabi. Yaya ƙafar Inna Uwaliya? Mi ƙanwata Kyauta ta samu, mace ko namiji? Ni lafiya lau nike, in ban da ɗan tari. Kwanan gareji ba ya kashe mutum.

Baba, albishirinka! An kawo muna wata tsohuwar motar Bature, ɓeraye sun cinye kujerunta, fentin ciki duk ya ɓare. Maigidana, mai garejin, ya ce in ban gyara ta ba, in kama hanyar gida. Na kankare katakon gaba, na sake mishi fenti. Kujerun kuwa, jajayen fatun akuyar da ka cusa cikin kayana ranar da na taho na ɗauko, na yi musu ɗinkin sirdi irin namu.

Baturen ya shiga, ya shafa, ya ƙi fitowa! Yanzu wasu motocin suna jirana.

Don Allah a aiko min da fatu da karan dafi na rina su ja ta hannun Mode direba. Waɗanda sunka ce ɗanka ya watsar da dukanci, a gaya musu: yau Bature bisa ɗinkin gidanmu shike zaune.

A sa min albarka.

Ɗanka,
Gidaɗo